Yadda Ake Kai Yara Ƙarshen Littafi Mai Juzu'i Uku: Tsarin Ƙungiyar Karatu a Zariya

Tara yara su saurari labari na rana ɗaya abu ne mai sauƙi. Ka shimfiɗa tabarma ka ce "ga ta nan, ga ta nanku", kafin ka rufe baki an amsa maka da "ta zo mu ji ta" daga kowane lungu na gidan. Inda gizo ke saƙa shi ne riƙe su shekara guda, daga shafin farko na littafi na ɗaya har shafin ƙarshe na na uku, zaman bai watse a hanya ba. Ƙungiyarmu ta farko, a wani tsakar gida a Tudun Wada, ta mutu a mako na bakwai, alhali yaran na son labarin kamar me. Azumi ya kama muka ce sai bayan salla, bayan salla jarrabawa ta ƙarato, daga nan kowa ya kama gabansa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin har yau akwai yaran da ba su san yadda labarin ya ƙare ba. Da muka sake ɗaura ɗamara, da kalanda muka fara kafin mu kira yaro ko ɗaya. Ga yadda muka yi, mataki-mataki.

Na farko: ku zaɓi littafin da ke da igiya

Littafi mai juzu'i da yawa yana riƙe yaro ne idan akwai igiyar da ta ɗaure labaran, wato wani abu da bai warware ba wanda zai sa ya dawo mako mai zuwa. Mu a Zariya ba sai mun je nesa ba. A nan garin Abubakar Imam ya zauna a 1936, bayan an ɗauko shi daga Midil ta Katsina inda yake koyarwa, ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarƙashin Hukumar Talifi, aka fara buga shi a 1937. Juzu'i uku ne, kuma kowanne da igiyarsa. A na ɗaya Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son ya saci jiki ya bi su, Waziri na ƙulla makirci, Aku kuma na tsare Musa da labari dare bayan dare har gari ya waye. A na biyu gasar ba da labari ce tsakanin Aku da wani akun mai suna Haziƙ. A na uku Aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Ga dabbobi masu magana, ga aljanu, ga sarakuna da ɓarayi da wawaye. Duk abin da yaro ke nema a labarin al'ajabi yana ciki, kuma da Hausar da za ta gyara masa baki.

Idan yaranku ba su saba zama su saurari karatu ba, kada ku jefa su cikin kogi kai tsaye. Ku fara da ɗan ƙaramin littafi guda wanda za a gama cikin mako huɗu ko biyar, kamar Ruwan Bagaja, wanda shi ma Imam ne ya rubuta don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A nan za ku gane wane yaro ne mai zuwa da gaske, wane ne ya biyo abokinsa.

Wasu iyayen, musamman a Samaru da Kongo, za su fi son jerin littattafan Turanci. Ba laifi, amma abu biyu za ku duba. Na ɗaya, da wane za a fara? Littattafan Narnia guda 7 ne, sun fito tsakanin 1950 da 1956, kuma wanda ke ba da labarin asalin ƙasar shi ne na shida a fitowa. Saboda haka wasu bugun suna jera su bisa tarihin labarin, wasu bisa shekarar fitowa. Ku yanke shawara ɗaya tun farko, ku rubuta ta, don kada wani yaro ya sayo na ɗaya a wannan jeri wani ya sayo na ɗaya a wancan. Ni na fi son a bi yadda suka fito, domin marubucin ya ɓoye wasu abubuwa ne don a gano su daga baya. Ku kuma faɗa wa iyaye tun da wuri cewa marubucin Kirista ne kuma akwai saƙon addininsa a cikin labarin. Na biyu, wasu jerin suna girma tare da mai karatu. Harry Potter yana da shekara 11 a littafin farko mai babi 17, littafi na biyar kuwa babi 38 ne, kuma tsoro da mutuwa sun ƙaru sosai. Waɗanda suka karanta shi lokacin da yake fitowa, daga 1997 zuwa 2007, sun yi shekara goma suna girma da shi. Ɗan shekara takwas da za a bi da shi duka cikin shekara ɗaya zai iso inda bai kai ba.

Na biyu: ku karanta shi tukuna, da fensir a hannu

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, saboda kowa na cewa ai na karanta shi a firamare. Abin da ka karanta kana ɗan shekara goma dabam ne da abin da za ka karanta da babbar murya a gaban 'ya'yan mutane. Ku zauna ku bi juzu'in farko daga bango zuwa bango, kuna sa alama iri uku.

Alama ta farko ta wuraren da za a tsallake ce ko a sassauta. Tsofaffin littattafanmu an rubuta su a wani zamani. Akwai labaran zaman aure da yaudara da ba su dace da ƙananan kunnuwa ba, akwai kisa da aka kwatanta filla-filla, akwai kuma inda ake yi wa baƙauye ko wata ƙabila ko mai wata lalura ba'a. Zariya gari ne na kowa. A tabarma ɗaya za ka samu ɗan Birni da 'yar Fulani da yaron da iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna ko ƙasar Yarbawa suka zauna Sabon Gari. Dariyar da za ta sa yaro guda ya sunkuyar da kai ta fi ƙarfin amfaninta. Idan yaran sun ɗan tasa, ana iya karanta wurin a tsaya a tambaye su yadda suke jin wanda aka yi wa ba'ar ya ji.

Alama ta biyu ta tsofaffin kalmomi ce: lifidi, sulke, kwalkwali, zagi, anini, sule, zambar. Kada su wuce biyar a zama ɗaya. Alama ta uku, wadda ta fi duka muhimmanci, ita ce wurin tsayawa, kuma zan dawo kanta.

Na uku: iyaye kafin yara

Ku bi gida-gida da littafin a hannu. Saƙon waya ba ya yin abin da sallama a ƙofar gida ke yi. Ku faɗi rana, lokaci, wurin zama, sunan manyan da za su kasance a wurin, da lokacin da yaro zai dawo gida.

Maganar sihiri za ta taso, kuma gara ta taso yanzu da ta taso a mako na shida. Wani dattijo a layinmu, kakan biyu daga cikin yaran, ya tare ni a zaure ya ce, "Malama, an ce mini littafin nan da bokaye da aljanu a ciki." Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Gaskiya ne, Baba, akwai su. Ga shi, a bar maka shi kwana biyu ka duba, in kuma ka samu sarari ranar Alhamis ka zo ka zauna da mu." Ya karɓa yana juya shi, da ya ga bangon sai ya ce, "Af, ashe Akun nan ne. Ai mun yi shi a elementare." Ranar Alhamis ya zo da buzunsa, kuma shi ya kwatanta wa yaran yadda ake ɗaura wa doki lifidi.

Ba kowa zai amince haka ba. Wanda ya ce shi bai yarda ɗansa ya ji labarin tsafi ba, ku girmama shi, kada ku ja da shi, kada kuma ku karɓi yaron a ɓoye. Su yaran kuwa, kakanninmu sun riga sun bar mana hanyar raba musu tatsuniya da gaskiya. Mai tatsuniya kan rufe da "ƙurunƙus", ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Mu ma muka ɗauki wannan. Da "ga ta nan" muke buɗewa, da "ƙurunƙus" muke rufewa, kowane yaro ya san cewa abin da ke tsakanin biyun ƙagagge ne.

Yara takwas zuwa goma sha biyu sun isa, 'yan shekara 8 zuwa 12. In sun fi haka na baya ba sa ji, sai tsokana ta fara. Manya biyu a kowane zama, a fili inda mai wucewa zai gani, tsakar gida ko zaure ko barandar makaranta. Ban da ɗaki a rufe, ban da ɗaukar hoton 'ya'yan mutane a watsa a Facebook.

Na huɗu: littattafan

Ba dole kowane yaro ya mallaki nasa ba. Kofi ɗaya ga yara biyu da ke gida ɗaya ko layi ɗaya ya wadatar, har ma ya fi, don suna karanta wa juna. A yi karo-karo, mai hali ya ɗauki nauyin marar hali ba tare da yaran sun sani ba. Kamfanin Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) da ke buga waɗannan littattafai a nan Zariya yake, kuma shagunan littattafai na Sabon Gari da Tudun Wada sukan ajiye su, musamman farkon zangon karatu.

Ku sayi duka a wuri ɗaya, rana ɗaya, ku kuma buɗe kowanne ku ƙirga shafukansa kafin ku bar shagon. Mun taɓa sayo kofi shida a hannun wani mai kasa littattafai a bakin titi don sun fi araha. Ashe bugun sata ne. Biyu daga ciki sun tsallake shafi goma sha shida cur, wata yarinya ta zo da hawaye tana cewa ita labarinta ya yanke a tsakiya. Wani darasin da muka koya a ranar: lambar shafi takan bambanta daga bugu zuwa bugu, don haka a jadawali ku riƙa rubuta sunan labari ko lambar babi. Ku naɗe kowane kofi da takardar tsohuwar kalanda, ku rubuta masa lamba, ku ajiye ɗan littafin da ake rubuta wanda ya ɗauka.

Na biyar: kalanda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nan ne ƙungiya ke rayuwa ko ta mutu, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ku fara da rana. A yawancin unguwanninmu makarantun allo da Islamiyyu da dama suna hutu Alhamis da Juma'a, Asabar da Lahadi kuwa hadda ta cinye safiya, yaran Wusasa da wasu na Sabon Gari kuma suna coci ranar Lahadi. Shi ya sa Alhamis bayan la'asar ta fi dacewa da mu. Ku tambayi iyaye mata musamman, domin su suka san lokacin da yarinya ke wanke-wanke ko ɗiban ruwa ko kai niƙa. In ba a yi haka ba, za ku waiga bayan wata guda ku ga maza zalla a tabarma. A tashi aƙalla rabin awa kafin magariba, kowa ya isa gida da haske.

Sai shekara. Juzu'i uku, zangon karatu uku: kowane zango juzu'i ɗaya. Ku ɗauko kalandar makarantar yaran da ta Musulunci ku ajiye gefe da gefe. Ku soke makon farko na komawa makaranta, ku soke mako biyu na jarrabawa, ku soke makon ƙaramar salla da na babba, da na Kirsimeti in ya shafe ku. Abin da zai rage a zango bai cika wuce zama 9 ko 10 ba. Daga ciki ku ware ɗaya ku bar shi fanko, ba a sa masa komai. Rasuwa za ta faru a unguwa, biki zai zo, ko ruwan Agusta ya sauko kan kwanon rufi har mai karatu ba ya jin muryar kansa. Wannan zaman na fanko shi zai cece ku.

Yanzu lissafi. Ku ɗauki waya ku kunna agogo, ku karanta shafi ɗaya da murya, a tsanake, kamar yaran na gabanku. A ce ya ɗauki minti 3. Yaro ɗan shekara tara zai iya sauraro da kyau na kamar minti 25, wato shafi 8 ke nan. A ce juzu'in shafi 180 ne, zama kuma 9, kowane mako na buƙatar shafi 20. Takwas a tabarma, goma sha biyu a gida. Idan kun ga na gidan ya yi wa yaranku yawa, ku rage labarai, kada ku ƙara gudu. Littafi irin Magana Jari Ce yana ba da wannan damar, tunda labaran ciki kowanne na tsaye da ƙafarsa. Amma igiyar, wato duk inda Aku da Musa da Waziri suka fito, a tabarma za a karanta ta kowa na ji, ba a ba da ita aikin gida, ba a tsallake ta. Littafin da labarinsa ɗaya ne miƙaƙƙe ba ya tsallakuwa, sai dai a ƙara masa makonni.

Azumi kuma, wanda shi ya kashe mu a karon farko. Kada ku rufe gaba ɗaya, kada kuma ku ce za a yi yadda aka saba. Bayan la'asar iyaye mata na kicin, yara na aike, manyan cikinsu na azumi sun galabaita. Mu mun mayar da zaman safiyar Juma'a ko Asabar, minti talatin kacal, labari ɗaya gajere. Da azumi ya kai goma yara suka fara tashe, sai muka bar su su mayar da labarin da suka fi so wasan kwaikwayo, da gemun auduga da rawanin zanin gado. Wanda bai iya zuwa ba a tura wa mahaifiyarsa muryar karatun ta WhatsApp. Muhimmin abu dai kada a yi mako uku a jere yaro bai ji ɗuriyar Aku ba. Da yake azumi na matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, jadawalin bara ba zai yi muku aiki bana ba, sai an sake zama.

Da hunturu rana na saurin faɗuwa, ga ƙura ga tari, sai a matso da lokaci a zauna inda hantsi ko rana ke bugawa. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, a nemi inuwar darbejiya da randar ruwa. In kun gama, ku rubuta jadawalin a takarda ɗaya: kwanan wata, labarin tabarma, labarin gida. Kowane gida a ba su kofi su liƙa a bango.

Na shida: yadda zaman kansa ke tafiya

Awa ɗaya ce. Minti goma na farko yara ne ke magana: wa zai tuna mana inda muka tsaya? A bar su su yi ta gyara wa juna, "a'a ba haka ba ne, sai da Waziri ya fita tukuna." Wannan gardamar ita ce maimaitawa, kuma wanda bai zo makon jiya ba a nan yake kamo zaren.

Sai karatu. Babba ne zai ɗauki mafi yawa, domin daɗin labari a kunne yake, kuma yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar zai kashe wa sauran daɗin, shi ma ya ji kunya. Ku sauya murya. Sarki da nauyi, Waziri da sanyin munafunci, Aku da zaƙin baki. Kada ku ji nauyin yin haka, kakanninmu da suke maƙale murya su yi tsamin bakin Gizo ba su rage daraja ba. Yaran da ke son karantawa a ba su sakin layi ɗaya-ɗaya, wanda aka gaya musu tun makon jiya don su gwada a gida. Wanda bai ɗaga hannu ba a ƙyale shi. Akwai wani yaro da ya yi zango guda bai ce uffan ba, yana can ƙarshen tabarma yana wasa da bakin rigarsa. A zango na biyu ya matso ya ce a hankali, "Anti, yau ni zan yi Haziƙ." Ashe duk abin nan a kansa yake.

Wurin tsayawa shi ne sirrin duka, kuma Aku ne malaminmu a nan, tunda da daɗin labari ya hana ɗan sarki fita. Ku tsaya a inda aka ɗaga takobi ba a sauke ba, inda aka buɗe ƙofa ba a ga na ciki ba. Za su yi ihu, za su roƙe ku, "Anti don Allah shafi ɗaya!" Ku rufe littafin. Ranar da kuka ji tausayinsu kuka ƙarasa, kun sallame su ke nan, ba abin da zai ja su mako mai zuwa. Saboda haka labarin gida ya zama wani dabam, wanda aka yanke a tabarma kuma a yi alkawari ba mai leƙawa.

Minti goma sha biyar na hira. Ku guji tambayar aji, irin su wane ne ya ce kaza, ko kawo darussa uku. Da yaro ya ji ƙamshin jarrabawa zai rufe bakinsa. Ku tambayi abin da ku kanku ba ku da amsarsa guda ɗaya. Da kai ne Musa, za ka saurari tsuntsu ko za ka bi su yaƙi? Aku na faɗa wa Musa gaskiya ne ko dabara yake yi masa, kuma dabara don ceton mutum laifi ce? Wa ya fi ba ki tausayi a labarin yau? Wannan tambayar ta dabara ta taɓa cinye mana zama guda, wata 'yar shekara goma ta kafe a kan cewa ko don alheri ne bai kamata a rufe wa mutum gaskiya ba. Ban yanke musu hukunci ba, kuma da suka tashi suna tafe suna gardamar har bakin titi.

Sauran mintunan na hannu ne. Kowane yaro da ɗan littafinsa na kalmomi, ya rubuta sabbin da aka ji, ya je gida ya tambayi kaka. Wani makon a zana taswirar garin labarin, da ganuwa da ƙofofi, su kwatanta da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da suka sani. In salla ta zo, ku ce su buɗe ido a hawan Daushe su nemo 'yan lifida da zagage da dogarai, su dawo su ba da labari. Kalmar da yaro ya gani a kan doki ba ya mantawa da ita.

Abin taɓawa kuwa, gyaɗa ko aya da ruwa, a ƙarshe. Ya zama kaɗan kuma iri ɗaya kullum, don kada gidan da zai karɓi baƙi ya ji nauyi.

Na bakwai: tsakanin juzu'i da juzu'i

Ramin da ƙungiyoyi ke faɗawa yana tsakanin littafi na ɗaya da na biyu. An gama, an yi murna, hutu ya zo, sai a ce za a sanar da ranar dawowa. Kada ku tashi daga zaman ƙarshe na juzu'i sai littafi na gaba yana hannunku, kun ɗaga shi sun gani, kun karanta musu shafi biyu na farko, kun kuma faɗi ranar dawowa da kwanan watanta. Ma'ana kuɗin juzu'i na biyu tun tsakiyar zango ake fara tara shi. Dogon hutun da ke farawa ƙarshen Yuli dama ce, ana iya zama sau biyu a mako da hantsi a rage bashin da ya taru, sai dai a tuna wasu yaran na tafiya ƙauye ko gona.

Za a samu mai zarin karatu da ya cinye littafin cikin kwana uku. Kada ku tsawata masa, abin da ake nema ke nan. Ku ja shi gefe ku ba shi amana: shi ne mai tsaron sirri, ba ya faɗa wa kowa ƙarshe, shi zai riƙa taimaka wa sabon zuwa, kuma ku ba shi aron wani littafin ya rage zafi. Sabon yaro kuwa a farkon juzu'i ake karɓarsa, sauran su ba shi labarin baya da bakinsu. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere, ku taka ku je gidansu. Sau da yawa za ku tarar littafin ne ya yage ko ƙaninsa ya jiƙa shi, yana jin kunyar zuwa. Ku ce masa ya zo haka nan, salatif na nan.

Na takwas: ranar rufewa

Tun ranar da kuka rubuta jadawali ku sa mata kwanan wata, yara su riƙa hango ta. A gayyaci iyaye da kakanni. Shafukan ƙarshe na juzu'i na uku a ajiye su don wannan ranar, a karanta kowa na zaune. Bayan nan yara su yi wasan labarin da suka zaɓa, sannan kowanne ya ba da ƙagaggen labarinsa na minti biyu, ko ya karanta ko ya faɗa da ka. Tunda sun shekara suna jin yadda Aku ke koya wa Fasih, za ku ji salon ya shiga bakinsu, har da karin magana a inda ba ku zata ba. Ban da fitar da wanda ya zo na ɗaya da na biyu, ban da kyauta ga wasu a bar wasu. Ku tattara labaran nasu, a buga a shagon kwamfuta, a ɗinke, kowa ya samu kofi da sunansa a ciki.

Littattafan da aka yi karo-karo aka saya kuma kada a raba su. A ƙirga, a gyara waɗanda suka yage, a zuba a akwati ɗaya a gidan da aka amince da shi, domin ƙannensu da suka shekara suna leƙe daga bakin ƙofa su ne 'yan zango mai zuwa. Kafin a naɗe tabarma ku kawo littattafai biyu ko uku da kuka riga kuka karanta, ku karanta shafin farko na kowanne, yara su ɗaga hannu su zaɓi na gaba. A daren nan, tun abin na da zafi, ku ɗauko kalandar sabuwar shekara ku fara soke makonnin jarrabawa da na salla.